Idan Aka Rufe Sunan Kwalba

A tsakiyar shekarar 2017, wani marubucin ƙagaggun labarai ɗan ƙasar Sin mai suna Zhang Wei ya sauka a wani otal a garin St. Moritz na ƙasar Siwizalan. Zhang irin marubutan nan ne da ake karanta littattafansu a waya babi-babi, kuma ya tara dukiya mai yawa ta wannan hanya. A mashayar otal ɗin akwai wata tsohuwar kwalbar wiski da ba a taɓa buɗewa ba, mai ɗauke da sunan Macallan da shekarar 1878. Ya nemi a buɗe masa. Aka zuba masa abin da bai wuce cokalin shayi huɗu ba, ya biya kuɗin Siwizalan 9,999, wato kusan dalar Amurka dubu goma. Daga baya ya shaida wa mabiyansa cewa abin ya yi masa daɗi, kuma ban da ɗanɗano, ya ji kamar tarihin shekara 139 ya kurɓa.

Da hoton kwalbar ya bazu, sai masana harkar suka ce toshiyar bakinta da takardar jikinta ba su yi kama da na wancan zamani ba. Otal ɗin ya aika da samfuri ɗakin gwaji a Jami'ar Oxford. Hanyar gwajin kanta abin mamaki ce. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya da aka yi a sararin sama a shekarun 1950 da 1960 sun ƙara yawan wani nau'in sinadarin kabon a cikin iska, tsirrai suka shaƙe shi, don haka duk hatsin da aka noma bayan lokacin yana ɗauke da wannan shaida. Sakamako ya nuna an yi wiskin ne tsakanin 1970 da 1972. Wani ɗakin gwajin kuma ya gano cewa haɗin gambiza ne na wiski iri-iri. Manajan otal ɗin ya hau jirgi har ƙasar Sin ya mayar wa Zhang kuɗinsa.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, daɗin da mutumin nan ya ji a wannan dare ya riga ya ji shi, sakamakon gwaji ba zai koma baya ya zare shi daga harshensa ba. To me aka cuce shi? In kuwa an cuce shi, me yake saye tun farko? Daga nan wata tambaya ta taso wadda ta fi wannan faɗi: idan muka ce wannan abu ya fi wancan kyau, labarin abin muke bayarwa ko labarin kanmu?

Kafin mu yi nisa, bari mu share wani tunani. Mu ba mashaya ba ne, kuma galibin masu karanta wannan mujalla ba su taɓa kai wannan abu baki ba. Hukuncinsa a addini sananne ne, ba shi muka zo tattaunawa ba. Mun ɗauko masu ɗanɗana wiski ne domin ƙalilan ne a duniya suka kai su ɗaukar ɗanɗano da muhimmanci, har suna ba shi maki suna jayayya a kansa. Tunda ba mu da tsuntsu ba mu da tarko a lamarin, za mu fi ganin wasan da kyau. Da turare ko shadda muka ɗauko, da tun a layi na biyu kowa ya ja daga yana kare nasa.

Abin da ke cikin kofin

Dokar da ta fayyace abin da za a kira wiskin Sikotland ta fito a 2009. Nau'in da masoyansa suka fi girmamawa shi ne wanda suke kira singil molt, mu kira shi ɗan matata ɗaya. Sharaɗinsa shi ne a yi shi da ruwa da tsiron sha'ir kawai, a matata guda, a tace shi ta hanyar tururi cikin manyan tukwanen jan ƙarfe, sannan a zuba a gangar katakon oak wadda ba ta wuce lita 700 ba, ya kwana aƙalla shekara uku a cikin ƙasar Sikotland. Ƙarfin barasarsa kada ya gaza kashi 40 cikin ɗari. Shekarun da ake rubutawa a jikin kwalba na mafi ƙuruciyar abin da ke ciki ne. Duk shekara kimanin kashi biyu cikin ɗari na tsirarewa ta jikin katako, shi ya sa wanda ya daɗe yake ƙaranci kuma yake tsada. Ɗaya nau'in, wanda aka fi sayarwa nesa ba kusa ba, shi ne gauraye, inda ake haɗa na matatu da yawa da wanda aka yi da wasu hatsi.

Akwai matatu sama da 140 a ƙasar, kuma doka ta san yankuna biyar: Highland, Lowland, Speyside, Campbeltown da tsibirin Islay, wanda ake furtawa Aila. Speyside, inda Macallan da Glenfiddich da Glenlivet suke, an san shi da mai ƙamshin 'ya'yan itace. Islay kuwa, gidan Laphroaig da Lagavulin da Ardbeg, an san shi da mai warin hayaƙi.

Idan masoyan suka zauna gwaji, sukan jera ƙananan kofunan gilashi masu faɗin ciki da tsukakken baki, biyar ko shida. A duba launi, a sansana, a kurɓa kaɗan, a ɗiga ruwa, a sake sansanawa. Sai kowa ya rubuta abin da ya ji: zuma, busasshen inabi, ɓawon lemo, gishirin teku, tsohuwar fata, igiyar jirgin ruwa, warin asibiti. A ƙarshe a ba da maki bisa ɗari. Mutum yana iya shafe rabin sa'a yana bayanin dalilin da ya sa wannan ya ci 88, wancan kuma 86.

Ruwa ba ya tsami banza

Amsar farko da takan zo wa ɗan kallo ita ce duk surutu ne. Abincin wani gubar wani, kowa da abin da ransa ke so, ba wanda ya isa ya ce harshensa ya fi na wani. Wannan amsa tana da daɗin faɗi domin tana kashe gardama, kuma tana da goyon bayan manya. Masanin falsafar nan na Jamus, Immanuel Kant, a littafinsa na 1790 kan hukunta kyau, ya kawo misali da giyar tsibiran Canary, ya nuna cewa wanda ya ce tana da daɗi ya kamata ya yarda a gyara masa magana zuwa tana yi mini daɗi. A wurinsa daɗin baki na mai baki ne.

Sai dai in muka duba kalmomin da masu gwajin ke rubutawa, da yawansu suna da tushe da za a iya aunawa. Dokar Amurka ta wajabta a ajiye wiskinsu mai suna bourbon a sabuwar gangar da aka babbaka cikinta, don haka tsofaffin gangunan sai a sayar wa 'yan Sikotland. Katakon da aka ƙona yana sakin sinadarin banila, shi ne ƙamshin da suke ji. Gangunan da aka taɓa ajiye giyar sherry ta ƙasar Sifen suna ba da duhun launi da ƙamshin busassun 'ya'yan itace. A Islay kuwa ana busar da tsiron sha'ir da hayaƙin gawayin fadama, wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun ciyayi da suka shekara dubbai a jiƙe. Hayaƙin yana ɗauke da sinadarai dangin finol, dangin da likita Joseph Lister ya yi amfani da shi wajen kashe ƙwayoyin cuta a asibitin Glasgow a shekarun 1860, kuma dangin da ke ba Izal warinsa. Wanda ya ce ya ji warin asibiti a kofin Laphroaig bai yi ƙarya ba. Ko ɗiga ruwan da suke yi yana da dalili: a 2017 wasu masana biyu a Jami'ar Linnaeus ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa surki da ruwa yana turo ɗaya daga cikin sinadaran hayaƙin zuwa saman kofi, kusa da hanci.

Wani ɗan Sikotland ɗin ne ya fi kowa tsara wannan hujja. David Hume, haifaffen birnin Edinburgh, ya rubuta maƙala kan ma'aunin ɗanɗano a 1757, inda ya aro wani labari daga littafin Don Quixote. An kira wasu gwanaye biyu su ɗanɗana giyar wata ganga. Na farko ya ce ya ji alamar fata a ciki, na biyu ya ce ya ji alamar ƙarfe. Mutane suka yi musu dariya. Da aka shanye gangar, sai ga tsohon makulli a gindinta ɗaure da tsinken fata. Abin da Hume ya ciro shi ne, akwai abin da ke cikin gangar ko an ji shi ko ba a ji ba, kuma wani harshen ya fi wani kama shi. Ya lissafa abubuwa biyar da ke yin alƙali na gari: kaifin ji, yawan yi, kwatanta abu da 'yan'uwansa, tsarkaka daga son zuciya, da hankali.

Hujjar ta zauna. Amma mu lura da abu ɗaya a labarin: gwanayen nan sun yi magana kafin a ga makulli, sun sa mutuncinsu a kan abin da za a iya ƙaryatawa. Wannan shi ne abin da yawancin zaman gwaji ke rasawa, domin kwalba tana kan tebur, sunanta da shekarunta da farashinta kowa na gani.

Ido yana riga harshe

A 2001 wasu masu bincike a Bordeaux ta Faransa sun ba ɗalibai 54 masu karatun ilimin giya farar giya wadda aka rina ta ja da rini marar ƙamshi. Ɗaliban suka siffanta ƙamshinta da kalmomin da ake siffanta jar giya da su. Wannan ya shafi wiski kai tsaye, domin dokar 2009 ta halatta a ƙara masa launin ƙonannen sukari, kuma mutane suna ɗaukar duhun launi a matsayin alamar tsufa. Shi ya sa a ɗakunan gwaji na kamfanoni akan yi amfani da kofuna masu launin shuɗi don a ɓoye wa ido abin da ke ciki.

A 2008 kuma wasu masana a jihar California ta Amurka sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna ba su giya, suna faɗa musu farashi. Giya ɗaya aka ba su sau biyu, sau ɗaya aka ce ta dala 90 ce, sau ɗaya aka ce ta dala 10. Mutanen suka ce mai tsadar ta fi daɗi. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, sashen ƙwaƙwalwar da ke da alaƙa da jin daɗi ya fi motsi a lokacin da suka ɗauka mai tsada suke sha. Ba burga suke yi ba. Farashin ya shiga cikin daɗin kansa.

Shi ma wiski an taɓa gwada shi haka. A ƙarshen 1983 mujallar likitocin Birtaniya ta buga wani ɗan gwaji, rabinsa raha, inda aka rufe wa ma'aikatan sashen tiyata takwas ido aka ba su ɗan matata ɗaya da gauraye su bambance. Ba su yi abin a zo a gani ba, har da waɗanda suka saba sha. Mutum takwas ba su isa a yanke hukunci a kan duniya ba, amma sun isa su sa mai cika baki ya yi tsam. A watan Janairun 2010 jaridar The Times ta shirya gwajin ɓoye suna a unguwar Leith ta Edinburgh, inda wiskin Kavalan na ƙasar Taiwan, daga matatar da ba ta cika shekara biyar da fara aiki ba, ya doke wasu matasan wiskin Sikotland uku. Da an bar sunayen a fili, mai karatu na iya hasashen yadda makin zai kasance.

Don haka duk hukuncin da aka yanke a gaban buɗaɗɗiyar kwalba cakuɗe yake. Akwai abin da ke cikin ruwan, akwai abin da suna ya zuba a ciki, kuma shi mai kurɓar ba ya iya raba su daga cikin kansa, domin a harshe duk abu ɗaya suke.

Kofi takwas na shayi

Yaya za a raba su? Amsar ta fito daga teburin shayi. A shekarun 1920, a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, wata masaniya mai suna Muriel Bristol ta ce tana iya gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi. Abokin aikinta Ronald Fisher bai gaskata ta ba. Ya tsara gwaji: kofi takwas, huɗu an fara da madara, huɗu an fara da shayi, a cakuɗa jerinsu, ta ware. Hanyoyin zaɓen huɗu daga takwas guda 70 ne, don haka mai cin sa'a kawai yana da dama ɗaya cikin 70 ya dace duka. An ruwaito cewa ta ware su daidai. Fisher ya sa wannan misali a littafinsa na 1935, kuma ya zama ɗaya daga cikin tubalan da aka gina gwajin kimiyya na zamani a kai.

Mu masu rubuta manhaja muna da dalilin jin wannan labari a jikinmu. A aikinmu, kafin a shigar da gyaran kowa cikin manhaja sai wani ya duba ya amince. A wani wuri da muka taɓa aiki, mun kama kanmu da wata ɗabi'a: idan gyara ya zo da sunan babba, sai mu leƙa sama-sama mu danna amincewa, idan ya zo daga ɗan koyo sai mu bi shi layi-layi muna neman aibi. Wata rana gyaran wani babba ya wuce ta hannunmu cikin minti biyar, tsakar dare tsarin biyan kuɗi ya tsaya, muka kwana muna nema. Kuskuren a fili yake, irin wanda da yaro ne ya yi shi da mun gani tun a karatun farko. Mun karanta sunan ne muka ɗauka mun karanta aikin. Ba mu kaɗai ke da ciwon ba. Wani bincike da aka buga a 2017 kan miliyoyin gyare-gyare a dandalin GitHub ya gano cewa a dunƙule an fi karɓar gyaran mata, amma idan baƙi ne ga aikin kuma ana iya gane mata ne, sai karɓar ta yi ƙasa da ta maza.

Magabata sun riga sun taƙaita mana: sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da Fisher ya ƙara shi ne tsarin gwadawar.

Inda babu makulli

Amma a nan akwai iyaka da bai kamata mu tsallake ba. Gwajin ɓoye suna yana nuna ko mutum na iya bambance wannan da wancan, da kuma ko zai maimaita hukuncinsa gobe. Ba ya nuna wanne ya fi. Na'ura tana iya ƙirga sinadarin hayaƙi a kofin Ardbeg, amma ba ta da abin cewa kan ko hayaƙi ya fi zuma. Wannan tambaya ba ta da makulli a gindin ganga. Hume ya ce ma'aunin shi ne abin da alƙalai na gari suka haɗu a kai, sai masu suka suka ce ai ya zagaya ne ya dawo inda ya taso: da alƙali ake gane abu mai kyau, da abu mai kyau kuma ake gane alƙali.

A ganinmu zagayen bai rufe ruf ba. Wasu daga cikin maganganun gwani ana iya bincikarsu: wace ganga, wane yanki, ɗan matata ɗaya ko gauraye. Wanda ya sha gano makulli a inda akwai makulli ya sayi haƙƙin a saurare shi a inda babu. Saurare muka ce, domin yana iya kuskure, kuma Hume da kansa ya yarda cewa shekaru da al'ada suna sa gwanaye biyu su saɓa ba tare da ɗayansu ya yi laifi ba. Amma wanda bai taɓa yarda a rufe masa suna ba, maganarsa kan abin da ya fi ba ta da nauyin da ya wuce na kowa, komai yawan kalmominsa. Haka muke yi da likita da bakanike da malami: muna amincewa da su a abin da ba za mu iya dubawa ba gwargwadon gaskiyarsu a abin da muka iya dubawa.

Me aka cuci Zhang?

Mu koma otal. Idan daɗi kawai Zhang ya saya, ya samu, kuma binciken California ya nuna cewa imaninsa da shekarar 1878 na iya ƙara masa daɗin na gaske. Da ba a taɓa gano ƙaryar ba, da ya ci gaba da farin cikinsa. Duk da haka kusan kowa zai ce an cuce shi tun daga daren, kafin kowa ya sani. Masanin falsafa Robert Nozick ya kawo misali a 1974 da wata na'ura da za ta ba mutum duk jin daɗin da yake so har ya kasa gane cewa ba gaske ba ne, ya tambaya ko za mu yarda a jona mu da ita har ƙarshen rayuwa. Ya yi hasashen yawancinmu za mu ƙi. Muna son abin da muke ji ya kasance yana da tushe a waje da kanmu. Zhang ya biya ne don ya taɓa wani abu da hannun mutanen ƙarni na 19 ya taɓa, kuma wannan ne bai samu ba. Kama da wane ba ta wane.

Matsalar ba ta tsaya a kansa ba. A 2018 wata cibiyar bincike ta jami'o'in Sikotland ta gwada tsofaffin kwalabe 55 da aka samo daga kasuwa, 21 suka fito jabu. A watan Nuwamban 2023 kuma an sayar da kwalba ɗaya ta Macallan ta 1926 a gidan gwanjon Sotheby's a Landan kan fam miliyan biyu da 'yan kai. Babu harshen da zai iya jin fam miliyan biyu. Abin da aka saya shi ne labari: shekara 60 a ganga, kwalba 40 kacal.

Son labari ba aibi ba ne. Mutumin da ya san cewa tun a 1494 takardun baitulmalin Sikotland suka ambaci wani limamin coci mai suna John Cor da aka ba sha'ir ya yi wannan ruwa, yana da damar jin cewa yana riƙe da wani abu mai dogon asali. Mu ma muna adana alƙalamin mahaifi ko da wani ya fi shi rubutu. Aibin yana shigowa ne idan muka ɗauki son labari muka sa masa rigar hukuncin harshe, muka ce na ji ya fi, alhali abin da ya faru shi ne na san ya fi tsada. Wannan ƙarya ce ƙarama, kuma mai ita ne farkon wanda take ruɗa. Daga nan sai ta girma ta zama sanda. Masanin zamantakewar Faransa Pierre Bourdieu ya nuna a littafinsa na 1979 yadda masu hali ke amfani da ɗanɗano su shata iyaka tsakaninsu da na ƙasa, ta yadda gatan da aka gada zai yi kama da baiwa.

Takardar da ke jikin mutum

A Sikotland wannan iyaka tana da gawawwaki. Hukumar ƙididdigar ƙasar ta ce mutum 1,277 suka mutu a 2023 ta sanadin barasa kai tsaye, kuma yawan mutuwar a unguwannin da suka fi talauci ya ninka na masu hali fiye da sau huɗu. Tun 2018 gwamnati ta sa mafi ƙarancin farashin da za a sayar da barasa, dokar da ta fi taɓa mai arha. Sinadarin da ke cikin kwalbar gwanjo da wanda ke cikin gorar roba ɗaya ne, kuma hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa abin sha mai barasa a rukunin farko na masu jawo cutar tun 1988. Hanta ba ta karanta takardar jikin kwalba. Amma mai kofin gilashi da littafin rubuta maki ana ce masa masani, mai gorar roba ana ce masa mashayi, ko da a ƙarshen mako abin da suka zuba wa cikinsu ya zo daidai. Gwani mafi kaifin hanci zai iya gano makulli a gindin ganga, ya kasa jin abin da gangar ke yi masa, domin ɗanɗano ba ya amsa tambayar ko abu alheri ne ga mai shi. Wannan aikin hankali ne, na biyar a jerin Hume.

Ga inda abin ya iso ƙofarmu. Mu da muke karanta labarai a waya, sau nawa muka yabi babi saboda sunan da ke samansa, muka wuce na sabuwar marubuciya ba mu gama shafin farko ba? A 2013 J. K. Rowling, wadda ke zaune a Edinburgh, ta fitar da littafi da sunan aro Robert Galbraith. Ya sami yabo amma cinikinsa kaɗan ne, sai da aka fallasa mai shi ya haye saman jerin waɗanda aka fi saye cikin kwana ɗaya, ba tare da an sauya ko harafi ba. Haka muke yi da magana a taro, da shawara a gida, da wanda ya zo neman aure.

Ba za mu iya rayuwa babu suna ba. Suna gajeriyar hanya ce, kuma sau da yawa an same shi ne da gumi. Abin da ke hannunmu shi ne mu riƙa biyan sunan haraji lokaci-lokaci. A wurin aikinmu, bayan wancan dare, mun koma karanta gyara kafin mu duba wanda ya aiko shi, kuma sau da yawa mun ji kunya da muka ɗaga ido muka ga sunan. Mai karatu na iya gwada irinsa a wannan mako: ka sa wani ya turo maka shafi biyu daga marubuta biyu, ɗaya wanda kake so, ɗaya wanda ka raina, ya goge sunayen. Ka karanta, ka rubuta wanda ya fi da dalilinka, sannan ka tambaya. In ka dace, ka sami hujjar da ba ka da ita jiya. In ka kuskure, ka gano wani abu game da kanka a kyauta, abin da Zhang Wei sai da ɗakin gwaji a Oxford ya gaya masa.